Pat Quinlan da Sojojin Jadotville: Tambayoyi da Amsoshi kan Hafsan da Aka Karrama Bayan Ransa

A watan Satumba na 1961 wasu sojojin ƙasar Ayalan, kimanin su 155, suka yi kwana biyar cikin ƙawanya a Jadotville, wani garin masu haƙar ma'adinai a kudancin Kwango. Waɗanda suka kewaye su dubbai ne. Ruwa ya ƙare, harsashi ya ƙare, ɗaukin da aka yi musu alkawari bai iso ba, amma ko mutum ɗaya a cikinsu bai mutu ba. Hafsan da ya jagorance su, Pat Quinlan, ya bar duniya a 1997 ba tare da ƙasarsa ta ce masa sannu da aiki ba. Sai da ya shekara takwas a ƙasa aka fara gyara kuskuren. Ga tambayoyin da aka fi yi kan wannan al'amari.

Wane ne Pat Quinlan?

An haifi Patrick Quinlan a 1919 a yankin Kerry, can kudu maso yammacin Ayalan, ƙasar duwatsu da bakin teku. Ya shiga soja yana saurayi. Lokacin da aka tura shi Kwango ya ɗan haura shekara arba'in, muƙaminsa kuma daidai yake da Manjo a tsarin sojojinmu. Shi ke riƙe da rukunin sojan da ake kira Kamfanin A na Bataliya ta 35, wanda mafi yawan yaransa daga barikokin Athlone da Mullingar da Galway aka tattaro su. Da yawansu ba su kai shekara ashirin ba, har akwai waɗanda suka ƙara wa kansu shekaru don a ɗauke su aiki.

Ayalan ba ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu ba, saboda haka shi da mafi yawan yaransa ba su taɓa jin harsashi ya wuce ta gefen kunnensu a fagen fama ba kafin Kwango. Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa sun shaide shi da tsanani wajen horo. Ya ci gaba da aikin soja bayan Kwango har ya yi ritaya yana Kanar.

Me ya kai sojojin ƙaramar ƙasar Turai tsakiyar Afirka?

Kwango ta samu 'yanci daga Beljiyam ranar 30 ga Yuni 1960. Ba a yi mako guda ba sojojinta suka yi bore, Beljiyam ta sake turo dakarunta da sunan kare 'yan ƙasarta, sannan ranar 11 ga Yuli Moise Tshombe, shugaban lardin Katanga, ya shelanta cewa lardin ya ɓalle. Firaminista Patrice Lumumba da Shugaba Joseph Kasavubu suka nemi agajin Majalisar Ɗinkin Duniya. Rundunar da aka haɗa ta kai kusan mutum 20,000 a lokacin da ta fi yawa.

Sakatare Janar na Majalisar, Dag Hammarskjöld, yana neman ƙasashen da ba su da tabon mulkin mallaka, ba su kuma cikin ƙawancen Amurka ko na Tarayyar Sobiyet. Ayalan ta cika wannan sharaɗi. Ba ta taɓa mallakar kowa ba, ita ce ma ta sha mulkin Ingila na ɗaruruwan shekaru. Ta shiga Majalisar a 1955, kuma a watan Yuli na 1960 rukunin farko na sojojinta suka sauka Kwango sanye da kakin ulu mai kauri irin na ƙasar sanyi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin shirin da aka yi musu. A watan Nuwamba na wannan shekara aka yi wa wani ayarinsu kwanton ɓauna a Niemba, aka kashe tara. Lokacin da Bataliya ta 35 ta iso a watan Yuni na 1961, kowane sojan Ayalan ya san sunan Niemba.

Me ke cikin Katanga da ake ta wannan rigima a kansa?

Jan ƙarfe, kobalt da yuraniyom. Kamfanin Union Minière na Beljiyam ne ke haƙo su, kuma da Katanga ta ɓalle sai ya koma biyan harajinsa ga gwamnatin Tshombe. Da wannan kuɗi aka riƙe jandarmomin Katanga, wato dakarun Tshombe, aka kuma ɗauko sojojin haya daga Beljiyam, Faransa, Rodeshiya da Afirka ta Kudu, cikinsu har da tsofaffin hannu da suka yi yaƙin Aljeriya. A Katanga ɗin nan aka kashe Lumumba ranar 17 ga Janairu 1961.

Jadotville, wanda yau ake kira Likasi, gari ne na wannan kamfani, kuma sunan wani injiniya ɗan Beljiyam, Jean Jadot, aka sa masa. Yana da nisan kimanin kilomita 120 daga Elisabethville, wato Lubumbashi ta yanzu. Kusa da shi mahaƙar Shinkolobwe take, inda aka samo mafi yawan yuraniyom ɗin da Amurka ta yi bama-baman nukiliyarta na farko da shi. Wanda ya san abin da Arlit, garin yuraniyom na Nijar, ke nufi ga Faransa zai gane dalilin da ya sa Turawa ba su son kowa ya matso kusa da wannan gari.

Wa ya tura su Jadotville, kuma don me?

Gwamnatin Beljiyam ce ta matsa wa Majalisar Ɗinkin Duniya cewa Turawan da ke zaune a garin suna cikin haɗari, a tura masu kare su. Kafin Kamfanin A, an tura wata runduna da ta fi su yawa, ta sojojin Suwidin da na Ayalan, ta ga yadda gari yake ta janye. Duk da haka aka ce wa Quinlan ya tafi da kamfani ɗaya tak. Suka isa a farkon Satumba.

Da isarsu suka tarar da cewa Turawan da aka ce su kare ba sa son ganinsu. Magoya bayan Tshombe ne, kuma kallon 'yan mamaya suke yi wa sojojin Majalisar. Wurin da aka sauke kamfanin yana gefen gari, fili ne da 'yan gidaje a warwatse, hanya ɗaya ce kuma ke haɗa su da hedikwatarsu da ke Elisabethville, ta kan gadar kogin Lufira. Duk wanda ya riƙe gadar ya rufe su. Ba su da isassun motocin da za su kwashe su in ta ɓaci.

Me Quinlan ya yi kafin a fara harbi?

Nan ne asalin labarin yake, ko da yake ba shi ne ɓangaren da ake son bayarwa ba, don babu ƙarar bindiga a cikinsa. Ya sa yaransa haƙa ramuka. Ƙasa mai tauri, rana mai zafi, ga shi ba wanda ya harbe su tukuna, wasu suna ta gunaguni a ɓoye. Bai saurare su ba. Ya tsara ramukan yadda bindigar wannan rami za ta kare gaban wancan, ya sa aka lulluɓe su yadda ba za a gane su daga nesa ba, ya sa masu igwa suka auna nisan kowace hanya da kowane daji da maƙiyi zai iya ɓullowa ta ciki. Ya ba da umarnin a cika duk wani abin da zai iya riƙe ruwa, daga bokiti har bahon wanka, domin ya san famfon garin a hannun waɗanda ba sa ƙaunarsa yake.

Ya kuma yi ta aika wa hedikwata saƙo cewa ana tara jandarmomi a kewayensu, 'yan kasuwa sun daina sayar musu da kaya, an fara datse hanya. Har hafsa ya tura Elisabethville, Kyaftin Liam Donnelly, ya je ya faɗa musu baki da baki. Amsar da ya samu ita ce ya zauna inda yake.

Mutum zai iya cewa ai wannan aikin kowane kwamanda ne. Haka ne. Amma kwamandoji nawa ne ke yin sa tun ba a ga wuta ba, alhali na sama da su suna cewa babu komai? Ramukan nan su suka raba yaran da mutuwa.

Yaya yaƙin ya fara?

Da asubar Laraba 13 ga Satumba, rundunar Majalisar ta ƙaddamar da farmaki a Elisabethville don karya gwamnatin Tshombe, farmakin da aka sa wa suna Morthor. Ba a sanar da Quinlan ba sai da aka riga aka fara. Wato an tsokano tsuliyar dodo, an bar mutum 155 a bakinsa ba su sani ba.

Wajen ƙarfe bakwai da rabi na safe, yawancin sojojin suna tsaye a fili suna ibadar safiya tare da limamin cocinsu, sai motocin jandarmomi suka danno. Sun zaɓi lokacin ne da gangan, suna zaton za su same su hannu rabbana. Masu gadi suka ankara suka buɗe wuta, sauran suka ruga ramukansu. Harin farko ya watse.

Daga nan aka shiga kwana da kwanaki ana abu ɗaya. A yi musu ruwan bama-bamai da igwa, sannan ɗaruruwan mutane su taso ta fili, bindigogin Ayalan su mayar da su. Makaman Kamfanin A ba wasu na a zo a gani ba ne: tsofaffin bindigogi masu jigida ƙirar Vickers irin waɗanda aka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya da su, ƙananan igwoyi masu bakin milimita 60, da motocin sulke biyu da aka ƙera a Ayalan tun shekarun 1940. Na Katanga suna da igwoyin da suka fi waɗannan girma da nisan zango, suna kuma da jirgin yaƙi ƙirar Fouga Magister. Jirgi ɗaya ne, amma a lokacin rundunar Majalisar ba ta da ko ɗaya da zai tare shi, don haka sararin sama nasa ne. Ya yi ta zuwa yana jefa bam, ya lalata 'yan motocin da suke da su. An yanke ruwa, an yanke lantarki. Ta tarho ake kiran Quinlan ana yi masa barazana cewa in bai miƙa wuya ba za a turo mutanen gari su yi gunduwa-gunduwa da su.

A cikin wannan hali ne ya aika saƙon rediyon da ya shahara, cewa za su riƙe wurin har harsashinsu na ƙarshe.

Ba a yi ƙoƙarin kai musu ɗauki ba?

An yi, sau biyu. Ayarin farko ya isa gadar Lufira ya tarar an toshe ta an kuma girke bindigogi, ya juya. Na biyu, ranar 16 ga Satumba, ya haɗa sojojin Ayalan da Suwidin da Gurka na rundunar Indiya. Shi ma bai haye ba. Jirgin nan ya far musu a kan hanya, wasu daga cikin sojojin Indiya suka rasa rayukansu. Yana da kyau a tuna da su, domin a yawancin ba da labarin Jadotville akan ce ba wanda ya mutu a ɓangaren Majalisar, alhali waɗannan sun mutu suna ƙoƙarin ceton mutanen da ba su taɓa gani ba.

Wani jirgi mai saukar ungulu, da matuƙi ɗan Norwe da mataimakinsa ɗan Suwidin, ya kutsa cikin ruwan harsashi ya sauka da ruwan sha. Da aka buɗe jarkokin sai aka tarar a da man fetur ake zubawa a ciki, ba a wanke su ba. Ruwan bai shawu ba.

To, me ya sa ya miƙa wuya?

Wannan ita ce tambayar da ta bi shi har kabari, kuma ta cancanci amsa a tsanake.

Ranar 16 ga wata aka yi yarjejeniyar tsagaita wuta. 'Yan Katanga ne suka nema, don sun sha wuya. An amince za a maido da ruwa, jandarmomi su ja baya, a riƙa sintiri tare. Amma da suka tabbatar ayarin ɗauki ya koma daga Lufira, sai magana ta canza. Suka ƙara matsowa, ruwan bai zo ba. Ranar Lahadi 17 ga Satumba ministan cikin gidan Katanga, Godefroid Munongo, ya zo da kansa ya ce ko su ajiye makamai ko a gama da su.

A duba abin da ke gaban Quinlan a wannan rana. Harsashin da ya rage ba zai kai su ko'ina ba. Yaransa sun yi kwanaki ba barci, ƙishirwa ta fara kayar da su. Ba mota, kuma tafiyar ƙasa ta kilomita 120 a ƙarƙashin jirgin yaƙi, ta gadar da maƙiyi ke riƙe da ita, kisan kai ne. Hedikwata ba ta da wani ɗauki na uku da za ta turo, ba ta kuma ba shi umarni bayyananne ba, ta bar masa nauyin shi kaɗai. Sannan wurin da yake karewa ba shi da wani amfanin soja. Ba gada ba ce, ba filin jirgi ba ne, babu farar hula da ke fake a bayansa. Da ya ce a ci gaba, da an kashe yara 155 a kan fili da 'yan gidajen haya, a yaƙin da ake shirin tsayarwa cikin kwanaki.

Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma Quinlan ya riƙe sarkin yawa kwana biyar. Ni a ganina shawarar ranar Lahadin nan ta fi duk abin da ya yi a kwanakin harbi wuya. Ya san abin da kalmar miƙa wuya za ta yi wa sunansa a gidan soja. Ya sa hannu duk da haka, domin iyayen yaran nan suna can Athlone da Mullingar suna jira.

Mutum nawa aka rasa a kowane ɓangare?

A Kamfanin A, biyar suka ji rauni, babu mamaci. A ɓangaren Katanga, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kusan mutum 300 da suka mutu, cikinsu har da sojojin haya Turawa, da wasu ɗaruruwa da suka jikkata. Yawan maharan kuma akan ce wajen 3,000. Mafi yawan waɗanda suka mutu 'yan Kwango ne, samari da aka tura su tunkari bindiga mai jigida a fili don kare dukiyar da ba tasu ba. Su ba a yi musu allon tunawa a Athlone ba, kuma duk mai ba da wannan labari daga nahiyarmu bai kamata ya tsallake su ba.

Me ya same su a hannun 'yan Katanga?

An tsare su sama da wata guda, da farko a wani otal a Jadotville, daga baya aka kai su Kolwezi. Sharuɗɗan da aka rubuta a takardar miƙa wuya ba a cika su ba. Tshombe ya samu abin ciniki, ya yi amfani da su wajen matsa wa Majalisar lamba a tattaunawar sulhu. Ko a tsare Quinlan bai saki horo ba, ya ci gaba da fareti da motsa jiki don kada zuciyar yaran ta karye. An sake su ranar 25 ga Oktoba a musayar fursunoni. Suka koma bakin aiki, har wasunsu suka sake shiga faɗa a Elisabethville a watan Disamba kafin su koma gida.

A can Ayalan kuwa, a kwanakin ƙawanyar an yi ta yaɗa rahotannin ƙarya cewa an kashe gommai daga cikinsu. Iyalai sun yi kwanaki suna makoki kafin gaskiya ta iso.

Me ya sa aka binne labarin shekara da shekaru?

Da farko, wani babban labari ya danne shi. A daren da suka miƙa wuya, wayewar 18 ga Satumba, jirgin da ke ɗauke da Hammarskjöld ya faɗi kusa da Ndola, a ƙasar da yau ake kira Zambiya, yana kan hanyar ganawa da Tshombe. Hankalin duniya ya koma can.

Amma babban dalilin yana cikin gida. In aka yaba wa Kamfanin A, dole a tambayi wanda ya tura kamfani ɗaya inda runduna mafi girma ta ƙi zama, wanda ya yi biris da gargaɗin Quinlan, da wanda ya fara farmaki bai sanar da su ba. Waɗannan tambayoyi suna hawa sama ne, kuma a saman akwai 'yan Ayalan. Babban kwamandan rundunar Majalisar a Kwango a lokacin, Laftanar Janar Seán MacEoin, ɗan Ayalan ne. Wakilin Majalisar a Katanga, Conor Cruise O'Brien, shi ma ɗan Ayalan ne. Shiru ya fi wa kowa sauƙi.

Ba a gurfanar da Quinlan gaban kotun soja ba, ba a tuhume shi da komai ba. Da an yi hakan ma da ya samu damar kare kansa. Abin da aka yi ya fi haka ciwo: aka bar raɗe-raɗi ya yi aikinsa. A barikoki aka laƙaba wa yaransa sunan “Jadotville Jack”, ma'ana matsoracin da ya ɗaga hannu. Akan yi dambe a kan wannan suna. Wasu suka bar soja, wasu suka bar ƙasar, wasu suka faɗa shaye-shaye, kuma iyalai sun ba da shaidar waɗanda suka kashe kansu. Akwai waɗanda 'ya'yansu ba su taɓa jin sun ambaci Kwango ba. Quinlan ya rubuta sunayen yaransa da dama yana neman a ba su lambar yabo. Kwamitocin lambobi suka zauna a shekarun 1960, ba a ba kowa komai a kan Jadotville ba.

Yaushe aka wanke su, kuma wace karramawa aka yi wa Quinlan?

Tsofaffin sojojin ne da kansu suka ƙi barin maganar ta mutu, musamman John Gorman, wanda yana ƙaramin soja matashi a lokacin ƙawanyar, da Liam Donnelly, da ɗan Quinlan, Leo, wanda shi ma hafsan soja ne mai ritaya. A 2004 ministan tsaro Willie O'Dea ya amince a sake duba al'amarin. Binciken rundunar ya wanke Quinlan da kamfaninsa daga duk wani zargi, kuma a watan Nuwamba na 2005 aka kafa dutsen tunawa a barikin Custume da ke Athlone. An kuma rataye hotonsa a makarantar horar da sojojin kiyaye zaman lafiya ta Ayalan da ke Curragh.

A watan Satumba na 2016, shekara 55 cif bayan yaƙin, aka ba Kamfanin A takardar yabo ta rukunin soja, irinta ta farko a tarihin Ayalan. A watan Oktoba na 2017 tsohon firaminista Enda Kenny ya buɗe allon tunawa da Quinlan a mahaifarsa ta Kerry. Ranar 2 ga Disamba 2017 kuma, a Athlone, aka raba wata lamba ta musamman mai suna An Bonn Jadotville ga waɗanda ke raye da iyalan waɗanda suka mutu. An rubuta kalmomi a jikinta da harshen Ayalan masu ma'anar “kariya ta jarumta” da “ƙarfin zuciya”. Lokacin Quinlan ya shekara ashirin da mutuwa.

Shi ke nan rigimar ta ƙare?

A'a. Lambar 2017 ta kowa da kowa ce a kamfanin, ba ita ce lambar bajinta ta mutum ɗaya ɗaya da Quinlan ya nema wa yaransa ba. Iyalai suka ci gaba da neman a ba sojoji sama da talatin tasu lambar bajintar. Gwamnati ta kafa kwamiti mai zaman kansa, ya fitar da rahoto a watan Yuli na 2021. Ya ba da shawarar a duba ba wa Quinlan lambar aiki na musamman bayan ransa, amma bai ba da shawarar a ba sauran ba. Hujjarsa ita ce kada a warware hukuncin kwamitocin baya, kada kuma a rage darajar lambobin da aka riga aka bayar. Tsofaffin sojoji da iyalai da yawa ba su ji daɗi ba. Abin da ya fi taɓa ni a nan shi ne mutumin da ya yi ta neman a karrama yaransa, shi aka ware a karrama, aka bar yaran.

Fim ɗin da aka yi a kai, gaskiya ne?

Fim ɗin da Netflix ya fitar a 2016, wanda Jamie Dornan ya fito a matsayin Quinlan, shi ya kai labarin ga duniya. Ƙashin bayansa gaskiya ne: ramukan, harin lokacin ibada, jirgin yaƙi, gadar. Amma an ƙara gishiri, an haɗe mutane da yawa a mutum ɗaya, an ƙirƙiro hirarraki. Siyasar Kwango kuma an taƙaita ta ƙwarai, 'yan ƙasar sun zama kamar bango a labarin da ya faru a gidansu.

Akwai alaƙar wannan da Najeriya ko Gana?

Akwai, ta kai tsaye. Rundunar da Quinlan ya yi wa aiki ita ce sojojin Najeriya suka fara fita waje da ita bayan 'yanci. Makonni kaɗan bayan 1 ga Oktoba 1960 gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tura sojoji da 'yan sanda Kwango. Murtala Muhammed, Yakubu Gowon da Olusegun Obasanjo duk sun yi aiki a can suna ƙananan hafsoshi, kuma a 1964 Johnson Aguiyi-Ironsi ne ya zama babban kwamandan rundunar gaba ɗaya, kujerar da MacEoin ya zauna a kai. Gana tana cikin ƙasashen farko da suka tura dakaru, ta kuma yi babban rashi a Port Francqui a watan Afrilu na 1961, inda aka kashe mata sojoji sama da arba'in. Ayalan ta rasa mutum 26 a Kwango cikin shekara huɗu, kuma sunan kowannensu yana rubuce. Zai yi kyau mu ma mu san sunayen namu kamar haka.

Yaya Katanga ta ƙare?

A ƙarshen Disamba na 1962 rundunar Majalisar, wannan karon da jiragen yaƙinta, ta sake kai farmaki. Sojojin Indiya suka haye Lufira suka shiga Jadotville a farkon Janairu 1963, kuma kafin watan ya ƙare Tshombe ya amince ɓallewar ta zo ƙarshe. A 1964 ya dawo ya zama firaministan Kwango baki ɗaya, ya mutu a tsare a Aljeriya a 1969.

Ina mutum zai je ya ga abin tunawa da Quinlan?

Dutsen kamfanin yana barikin Custume a Athlone, bakin kogin Shannon, inda da yawa daga cikin yaran suka tashi zuwa Kwango. Allon Quinlan shi kaɗai yana Coomakista, wata mashiga a kan tudu a Kerry, gefen hanyar da ke zagaye yankin, tsakanin Waterville da Caherdaniel. An yi shi da tagulla, da siffarsa a jiki. Daga wurin ana hango Tekun Atlantika da gaɓar da aka haife shi.